Na Raba Kontar da Yayana, Ashe Wutar Inna Na Yanke

Daga wata 'yar'uwa a cikin gurup, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafi? Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, ko tari ka yi a unguwarmu sai an ji a kasuwa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci, don masu yanke mani hukunci a gida sun ishe ni.

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a nan Tasawa, ina da aure da 'ya'ya uku, maigidana yana aiki a Mayahi, sai ƙarshen sati yake zuwa. Gidan da muke ciki gadona ne. Gidan mahaifinmu dogo ne, daga bakin titi har lungun baya, da Allah ya yi mashi rasuwa aka raba, babban wana, wanda zan kira Yaya kawai, ya ɗauki gaba inda shago yake, ni na samu tsakiya da ƙofata ta gefe, ita kuwa Inna mahaifiyarmu ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta na can ƙarshe, aka bar ta nan da awakinta. Aka ja katanga kowa ya san nashi. Kontar ɗin kuran, wato mitar wuta, guda ne tun na Baba, yana jikin shagon Yaya, faktir, takardar kuɗin wuta, wajenshi take zuwa. Lokacin da ake gina nawa ɓangaren ina koyarwa a Bawdeta, Yaya ne ya tsaya kan magina, shi ya kawo mai jan wayoyin wuta, na zo na tarar da komai a shirye na yi ta godiya.

Da farko irin rabon da kowa ya sani muke yi, a ƙirga ƙwan fitila, a ƙirga fanka da talabijin, kowa ya biya gwargwadon nashi. Wata rana na yi ɗan ƙorafi na ce Yaya shagonka akwai firigo, wannan ƙirgar ƙwan ba ta yi adalci ba. Bai yi fushi ba, ya sa aka kafa mani ƙaramin kontar a jikin katangata, ya ce daga yau abin da ya nuna shi za ki biya, ba ki cuci kowa ba, ba a cuce ki ba. Wallahi na ji daɗi, har dambu na yi na aika mashi.

Maganar gaz ce ta fara ɓata mu. Yaya yana sayar da gaz a shagonshi, tun da na daina girki da icce wajenshi nake canza butali, ban taɓa tambayar farashi wani wuri ba, ɗan'uwana ne. Muna zaune a lakol wata abokiyar aikina ta faɗi abin da take biya a depo na bakin tasha, na ce ko dai ƙaramin butali kike nufi? Ta ce irin nawa ne dai. Na je da ƙafata na tambaya, na tarar abin da Yaya ke ɗora mani kowane canji ya isa cefanen yini guda. Ba zan ce kar ya ci riba ba, amma ni ƙanwarshi ce, ko sau ɗaya bai ce ga sauƙi ba. Kun san kowane kamfani da kalar butalinshi, kuma depo ba sa karɓar irin na Yaya, dole na yi musanyar butali na cika kuɗi. Na so abin ya tsaya tsakanina da Allah, sai mai kabu-kabun da na aika ya bi ta gaban shagon da sabon butali ɗaure a baya, wata kala daban, ya kuma tsaya daidai ƙofata yana oda. Daga ranar in na gaishe da Yaya sai ya amsa yana kallon wani wuri. Inna ta kira ni ta ce na riƙa saye wajen ɗan'uwana, in ya ci riba ai cikin gida ta tsaya. Na ce to Inna, amma ban koma ba.

Tun da idona ya buɗe kan gaz sai na fara duba na kuran. Ita wannan abokiyar aikin tawa kontar mai kod gare ta, irin wanda kake sayen kuran ta salula ka danna lambobi, abin da ka saya shi za ka sha. Tana da firigo, tana da talabijin, fankokinta sun fi nawa yawa, amma abin da take kashewa a wata bai kai rabin nawa ba. Na ce ba zai yiwu ba. Na dawo gida na tasa yarana gaba, na hana kallo, na koma guga da dutsen gawayi, ɗakin da ba kowa a kashe ƙwai, ranar da babbar ɗiyata ta bar fanka tana juyawa ta tafi islamiyya sai da ta yi kuka saboda faɗan da na yi mata. Ƙarshen wata ya zo, lissafi na nan yadda yake, har ma ya ɗan hau. Maigidana ya ce ni dai ba ni da tattali, albashina duk a bango yake ƙarewa. Wannan magana ta yi mani ciwo, don ni na san yadda nake matse kaina.

Da bakans ya zo, wato dogon hutun lakol, muka tattara muka tafi Mayahi wajenshi, na kwashe komai daga firigo na zare shi, na kulle gida. Muka daɗe can. Na dawo na duba ƙaramin kontar, jama'a ya ci gaba da gudu kamar muna nan. Na samu Yaya cikin ladabi na ce ko kontar ɗin nan ya lalace ne? Ya ce su wayoyi ko ba a kunna komai ba suna zuƙar wuta. Na ce Yaya har haka? Nan ya hau ni da faɗa gaban masu sayayya, wai ɓarawo nake ce mashi, wai tun da na fara ɗaukar albashi na raina kowa, na je na tambayi wanda ya tsaya cikin rana aka gina mani gidan. Na ba shi haƙuri na fito, raina a ɓace.

Ban yi gaggawa ba. Na je ofishin kamfanin kuran na tambayi abin da ake biya a kafa sabon kontar, na je wajen masu sayar da fanon sola na ji nasu, na ga wanda zai ɗauki firigo ya fi ƙarfina, na zauna da maigidana muka auna, muka tsaya kan kontar mai kod. Adashena na ɗauka na biya. Kafin a zo kafawa na sake zuwa wajen Yaya, don ba na son ya ji a bakin wani, na ce na nemi kontar nawa, za a cire ni daga nashi, ba don wani abu ba, don a zauna lafiya. Ya ce na yi abin da na ga dama. Iyakar abin da ya ce ke nan, ku riƙe wannan, don da ya buɗe baki ranar ya gaya mani abin da ya sani da ba mu kai nan ba.

Ranar da aka kafa, mai gyaran wutar da na ɗauko ya yanke tsohuwar wayar daga jikin katanga, ya haɗa gidana da sabon kontar, na danna kod, wuta ta kawo, yara na ta murna. Ba a jima ba sai ga Habu ya faɗo gidan ko sallama babu. Habu ba sunanshi ba ne, haka zan kira shi, shi ne babban ɗan Yaya, Inna ce ta raine shi tun yana shan nono, yanzu yana da mata da jaririya, kuma yana da kanti a zauren Inna na lungun baya. Ya ce Gwaggo me kika yi, wutarmu ta ɗauke, fankar Inna ta tsaya. Na ce me ya haɗa wutarku da ni, ai daga shagon babanka take zuwa. Mai gyara ya dube ni ya dube shi, ya sa tsani ya leƙa cikin silin, sai ga waya ta fita ta bayan kicin ɗina, ta haye katanga ta shiga ɗakin Inna, daga ɗakin Inna ta wuce kantin Habu. Duk bayan ƙaramin kontar ɗina take. Da ya raba tsohon layi da sabo ita ma ya cire ta, a zatonshi tsohuwar waya ce marar amfani.

Ni duk zamana a gidan na ɗauka wutar Inna ta bayan katanga take bi daga wajen Yaya, ban taɓa tambaya ba, wa ke hawa silin ya duba? Kantin Habu kuwa ba ƙaramin kanti ba ne, akwai babban firigo na ƙanƙara da ruwan leda, akwai allon cajin salula cike da wayoyin mutanen unguwa da na 'yan ƙauye ranar kasuwa, ga talabijin da samari ke kallon ƙwallo. Shekara da shekaru ni ke biya. Abin da ya fi ci mani rai, har ƙanƙara nake aikawa a saya wajenshi lokacin azumi, da kuɗina, ƙanƙarar da kurana ya daskarar, kuma bai taɓa cewa Gwaggo bar shi ba.

Na tafi wajen Yaya. Ko kunya bai ji ba. Ya ce Inna ai uwata ce, in na biya mata wuta me na yi na a zo a gani? Na ce na Inna ko ninki goma ne zan biya da farin ciki, maganar kantin nake. Ya ce Habu ɗana ne ni ma, in ba na ganin haka to shi ke nan. Na ce me ya sa ba a gaya mani ba, me ya sa da na zo ina tambaya ka ce waya ce ke zuƙa? Ya tashi ya shiga cikin shago ya bar ni tsaye.

A ranar na je wajen Inna na ce ta kwantar da hankalinta, yanzu za a haɗa ɗakinta da sabon kontar ɗina, fankarta da ƙwanta da rediyonta, har abada ni zan biya, amma wayar kanti za a cire. Ta ce in zan ba ta, na ba su tare, in ba haka ba na bar ta. Na yi zaton fushi ne na kwana ɗaya. Na koma, na sake komawa, maganar ɗaya ce. Na aika a roƙi Yaya ya ja masu waya daga nashi kontar, ya ce dole wayar ta bi ta saman gidana, shi kuwa ba ya ratsa gidan wadda ta ce mashi ɓarawo, wanda ya yanke shi zai haɗa. Maigidana da ya ji labari ya rantse in na mayar da kantin nan kan kontar ɗinmu ba zai sake sa ko dala cikin wutar gidan ba, kuma shi da dangina sai gaisuwar hanya. Ban ga laifinshi ba, shekaru yana ce mani marar tattali, yanzu kunya ta koma fushi.

Duk wannan cikin bazara ake yi. Ku da kuke nan kun san zafin bana, ɗakin Inna rufin kwano ne, tana da tansiyo, wato hawan jini, ga shekaru. Da rana sai ta jawo tabarma gindin dalbejiya kusa da awaki tana fifita da mafici. Ni ina cikin ɗakina fanka na juyawa a kaina, katanga ɗaya tsakaninmu, wallahi sai na tashi na kashe, na zauna cikin zufa ni ma, don ba na iya jin iskar. Gari kuwa ya ɗauka. Na je suna, wata mata da ko gaisawa sosai ba ma yi ta ce ashe ke ce madam ɗin da ta yanke wa uwarta wuta? Ba wanda ke cewa an yi shekaru ana cin guminta, abin da ya zaga ke nan, 'yar boko ta yi kontar ta bar tsohuwa cikin zafi.

Na ce bari na ɓullo ta wani wajen. Na roƙi maigidana ya sayo mani fanka mai batir da ɗan ƙaramin fanon sola a Mayahi, irin wadda ba ruwanta da kontar ɗin kowa. Na kai mata da kaina, na sa aka ɗora fanon a rufi, na nuna mata inda za ta danna. Ta karɓa ta sa mani albarka, na dawo gida na ce alhamdu lillahi an wuce wurin. Da na leƙa bayan kwana biyu na same ta gindin bishiya da maficinta. Na ce Inna ina fankar? Ta ce tana ɗaki. Fankar na ɗaki kuwa, amma batir da fano suna kantin Habu ana cajin salula da su. Ta ce yaron ba ya samun ko na koko tun da firigonshi ya tsaya, ya fara maganar zai sayar da kayan ya tafi Jado haƙar zinariya, ita kuwa ta ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ce Inna wai ni ba ke kika haife ni ba? Ta ci gaba da fifita.

Satin nan da muke ciki, bayan azahar, matar Habu ta same ta a faɗe bakin randa. Muka kai ta asibiti, aka ce tansiyo ne ya hau ga zafi ga rashin ruwa a jiki, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitan ya ce in an koma gida a nema mata wuri mai iska, kar a bar ta cikin zafin nan. Yaya na tsaye, ya juyo ya ce mani to kin ji, gaban mutane. Na juya wajen Inna. Na ce Inna in an sallame ki gidana za ki zauna, ga ɗaki ga fanka. Ta girgiza kai, ta ce ɗakin da mijinta ya bar ta nan za ta koma.

Jiya da hantsi mu biyu ne kawai, ina ba ta kunu, ta samu sauƙi har tana tambayar awakinta. Na ce yau dai zan faɗi abin da ke raina. Na ce Inna ke ba ki ga abin da Yaya ya yi mani ba, ya ja waya ta cikin silin ɗina a ɓoye, ya bar ni ina dukan ƙirji ina faɗa da yarana da mijina, har yanzu ba ki ce mashi ko kanzil ba, ni kaɗai ce mai laifi? Ta ture cokalin ta dube ni.

"Ba shi ba ne, ni ce. Ni na ce a bi da ita ta ɗakinki. Shi har cewa ya yi a gaya maki, na hana."

Na ce Inna don me?

"Ke ce mai albashi, wata na ƙarewa naki na zuwa. Na san in na roƙe ki don kaina za ki ba ni, in na ce don Habu ba za ki ba da ba. Ni na haife ki, na san halinki."

Na ajiye kofin na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata. Duk watannin nan da nake ƙullace da Yaya, da ranar da ya yi shiru ya shige shago, ashe uwarmu yake rufa wa asiri. Ita kuma ta san ina matse kaina, gabanta na sha yin kukan faktir, ta ce na yi haƙuri rayuwa ce ta yi tsada. Ban ce ta ƙi ni ba, na san tsoron kar jikanta ya shiga sahara ne. Amma ta zauna ta auna mu, ta ga ni ce wadda za a ɗora wa kaya ba a tambaye ta ba. Kuma abin da ya fi ƙona ni, gaskiya ta faɗa, da ta roƙe ni don Habu da ban ba da ba, ko yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta so.

Gobe za a sallame ta, ɗakin kwanon nan za ta koma. Mai gyaran wuta ya ce aikin ba wani abu ba ne, wayar na nan cikin silin, haɗawa kawai zai yi, in na kira shi da safe kafin ta iso fankarta na juyawa. Amma in ya haɗa, firigon Habu ma ya tashi, a kan kontar ɗina, da sanina wannan karon, ga rantsuwar mijina a gefe. In ban haɗa ba kuma wani abu ya same ta, na san abin da garin nan zai kira ni har na mutu, kuma ni ma haka zan kira kaina.

'Yan'uwa, masu iyaye a raye da waɗanda suka rasa nasu, ku gaya mani tsakani da Allah, na kira mai gyaran ko kar na kira? In na kira, me zan ce wa mijina? Kuma ya ake yi mutum ya ci gaba da durƙusawa yana gaishe da uwarshi kowace safiya, bayan ya san ita ce ta ce kar a gaya mashi?